Shunin da Ke Cikin Takalmin Surayya

Ban iya dogon bayani ba, sai ku yi haƙuri da ni. Na san wasunku a wannan zaure za su zage ni kafin su kai ƙarshe. Ku zaga. Na riga ku.

Sunana Sadi. Shumeka ne ni a bakin tashar Bakura, gindin dalbejiyar da ke kusa da masu shayi. Na gama sakandare, takardar tana ƙasan akwati tana hutawa. Abin da na sani a duniya shi ne ƙafa. Ba na duban fuskar mutum sai na gama duban takalminsa.

Surayya Abdulmumini 'yar Damri ce. Tana kawo man gyaɗa da ƙuli-ƙulin innarta Bakura, jarka a ka, roba a hannu. Shekara biyu da suka wuce maɗaurin takalminta ya tsinke daidai gaban rumfata, ta tsaya da ƙafa ɗaya tana harara ta kamar ni na tsinka shi. Daga ranar ni nake sake mata soson ƙasan takalmi duk bayan wata uku, don tafiyarta tana cin soso.

Tafiyar ce ma ta kama ni. In ta taho, takan ɗan karkata hagu kamar zangarniyar gero da iska ta taɓa. Na ɗauka yanga ce. Na taɓa tura mata saƙo na ce ko cikin mata dubu na hango ta daga baya zan gane ta. Ta daɗe ba ta amsa ba. Can sai ta turo: "Hmm."

Ku riƙe wannan "hmm" ɗin. Ni a lokacin kunya na ɗauke shi.

Gwaggo Baturiya, ƙanwar babana, ita ta riƙe ni tun ina yaye. Da damina ta faɗi ta ce lokaci ya yi da za a tura manya Damri. Na gaya wa Surayya. Ta ce a bari a gama noman farko. Aka gama. Ta ce a bari gero ya yi bununi. Ya yi. Sai ta ce a ƙara mata wata uku, ba ta faɗi dalili ba.

A cikin watannin nan ta tsiri zuwa Talata Mafara duk ranar Talata. Kasuwa, in ji ta. Amma ba jarka, ba roba. Sai atamfarta mai ruwan ganye, da farin mayafi, da 'yar jaka a kafaɗa.

Wata Laraba ta kawo takalmi in ɗaure. Na juya shi, sai ga cikinsa shuɗi. Shatin yatsunta biyar, shatin dunduniya, duk shuni.

Na ce, "Wanga shuni hwa?"

Ta ce, "Wanki niy yi."

"Da ƙahwa kika wanki yanzu?"

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba. "Kai dai ɗaure takalmi, malam ɗan sanda."

Ta bar wayarta a rumfata tana caji, ta shiga kasuwa. Ban taɓa ta ba, Allah shaida. Ita ta yi haske da kanta, saƙon ya hau saman gilashi. Sunan mai turowa: Mal. Yasir Mafara.

"Ki zo da wuri ran Talata. Kuma don Allah kada ki sa lalle a ƙafa, yana ɓata mini sawun."

Yana ɓata masa sawun. Na karanta sau huɗu kafin hasken ya mutu. Basillar da ke hannuna ta shige min yatsa ban ji ba.

Talata na rufe rumfa. Ta hau motar farko, na hau ta biyu. A Mafara ta wuce kasuwa ko waiwaye babu, ta hau mashin zuwa wata kwaleji da ke bayan gari. Na bi. Ta shiga wani dogon ɗaki mai tagogi a buɗe, ni kuma na laɓe jikin bango, bayan tankin ruwa.

Ga abin da idona ya gani, ba ƙari.

An shimfiɗa wata doguwar takarda a ƙasa, ta buhun siminti da aka farke aka liƙa, ta kai taku goma. A bakinta faranti cike da jiƙaƙƙen shuni. Wasu matasa maza da mata sun jeru da littattafai. A gefe wani tsoho mai jar hula yana zaune bisa tabarma yana jan carbi. Wata mata mai farar riga, kanta ba ɗankwali, ta riƙe hannun Surayya.

Surayya ta cire takalmi. Ta taka farantin. Ta bi takardar nan a hankali tun daga farko har ƙarshe.

Sai shi. Dogo, fari, shadda ruwan toka, agogo mai baƙin maɗauri, tabarau. Ya durƙusa a kan sawunta kamar mai neman allura. Ya auna daga wannan dunduniya zuwa waccan da tef irin na tela. Ya zagaye babban yatsanta na hagu da jan biro. Ya yi rubutu a gefe. Ya ɗago ya yi mata murmushi, ta mayar masa. Da shunin ya bushe ya naɗe takardar, ya ɗaure da zare, ya rubuta suna a jiki, ya sa a wani kabad na katako.

Tsohon nan ya kira ta, ya sa hannu ya dafa gwiwarta ta saman zane, bakinsa yana motsi.

Ban jira ƙarshe ba.

Na sami Gwaggo tana tankaɗen dawa a tsakar gida. Ban yi niyyar faɗa mata ba. Ita ta kalle ni ta ce, "Wa ya mutu?" Sai na zauna a turmi na zayyane mata komai.

Ta ajiye rariya. "Da tsoho mai carbi?"

"Da shi."

"Kuma ya naɗe sawun ya ɓoye?"

"Ya ɓoye."

Ta tafa hannu. "Inna lillahi! Kai dai Sadi boko bai yi maka rana ba. Ɗibar sawu ta! Da can ƙasar sawu aka ɗiba a ƙulle cikin tsumma, yanzu 'yan zamani sun koma takarda. Haka anka yi ma Salma ta gidan rini. Anka ɗebe sawunta bakin rijiya, ta bar miji da ɗiya ukku ta bi mai tireda har Gummi. Kai kana nan kana jiran gero shi yi bununi, ana can ana jan ƙahwar yarinya zuwa wani gida."

Na ce, "Gwaggo, makaranta ce fa."

"Makaranta ba mutane ka ciki ba? In karatu na, mi ya hana ta hwaɗa maka?"

Wannan tambayar ce ta kashe ni.

Na gwada Surayya ta waya. Na rubuta: "Kasuwar Mafara ta yi kyau jiya?" Ta amsa: "Alhamdu lillahi, an yi ciniki." Na ajiye wayar. Na san ko gindin kasuwar ba ta taka ba.

Talatar da ta biyo na koma. Na jira bayan tankin har aka kira azahar, suka watse, matar mai farar riga ta fita amsa waya. Ƙofa a buɗe, kabad ba kwaɗo. Naɗaɗɗun takardu sun fi ɗari, kowace da suna. Ko a nan ya kamata in tsaya in tambayi kaina: wane irin mayen mata ne zai ɗebi sawun Baba Wane da Malam Wane? Na ga sunayen maza da idona. Amma mai kishi ba karatu yake yi ba, nema yake yi. Na zaro nata, goma sha biyu cif, na cusa a buhu.

Gwaggo ta hura wuta a murhu. Ɗaya bayan ɗaya muka sa. Takardar siminti ba ta gardama da wuta. Na ga sawunta yana lanƙwashewa yana baƙi, har da ƙananan lambobin da aka rubuta a gefe. Gwaggo ta watsa gishiri a kai ta ce, "Ta Allah ba tasu ba."

Na ji sanyi a raina. Kwana biyu.

Ran Juma'a da hantsi mashin ya tsaya gaban rumfata. Matar nan mai farar riga ce ta sauko, yau cikin atamfa, da ɗan gicciye a wuya. Na ce shi ke nan, an gane.

"Sannu da aiki. Kai ne Sadi shumeka?"

"Ni ne. Sannu da zuwa, an zo lafiya? Ya hanya?"

"Hanya sai godiya, ban da ramuka. Ya kasuwa, ya mutan gida?"

"Lafiya lau." Na tura mata benci.

Ta ce sunanta Lydia Bitrus, tana aikin gashin ƙashi a asibiti a Mafara. Ta fito da wata 'yar takarda mai zanen takalmi. "Aiki na kawo maka. Muna son takalmi, na hagu ya fi na dama tudu da kaurin yatsa ɗaya da rabi. Amma a yi shi yadda mai kallo ba zai lura ba. Na Surayya ne. Na ce mu kai Gusau, ta ce a'a, duk Zamfara ba wanda ya san ƙafarta kamar Sadi."

Na ce, "Me ya sami ƙafarta?"

Ta dube ni da kyau. "Au. Ba ta faɗa maka ba." Ta kama baki. "To ni na yi suɓutar baki. Ta ce min za ta faɗa maka kafin in zo."

"Sista, don girman Allah."

Ta sauke numfashi. Ta ce kan ƙashin cinyar Surayya na hagu, inda yake shiga ƙugu, yana lalacewa a hankali, ƙafar tana gajarcewa. Ta ce ta daɗe tana jin ciwo tana ɓoyewa. An gano ne da suka je Damri suna duba mata masu ɗaukar kaya a ka.

"Su wa?"

"Mu. Malam Yasir yana koyar da ilimin motsin jikin ɗan Adam, shi ya san lissafin tafiya. Ni na san jijiya da nama. Baba Sallau mai ɗori daga Maradun, shi hannunsa ya san ƙashi tun ba a haife mu ba. Akwai wani injiniya ma da ke zana mana sanduna. Kowannenmu shi kaɗai mai ido ɗaya ne, shi ya sa muka haɗu, ɗalibai suna koyo a wurinmu duka. Na'urar auna taku ba mu da ita, sai Malam ya ce shuni da takarda ma za su faɗi gaskiya."

Na ce, "Sawun..."

"Sawun shi ne shaidarmu. Duk mako takun hagunta yana raguwa. Akwai babban likitan ƙashi da ke zuwa daga Sakkwato sau ɗaya a wata huɗu, mutum goma kawai yake ɗauka, waɗanda abin nasu ke gudu. Ran Talata zai zo. Mun tara mata mako goma sha biyu don ya gani da idonsa." Ta girgiza kai. "Wani marar tsoron Allah ya shiga ya kwashe. Nata kaɗai. Na mako huɗu kawai ɗalibai suka shigar a kwamfuta, sauran lambobin suna jikin takardun. Mako huɗu ba ya nuna komai. Yarinyar nan ta yi kuka har ta ba ni tausayi."



Ta miƙe tana gyara jaka. "Ka san me ya sa take ta ɗaga maganarku? Ta ce ba za ta bari a kai kuɗin gaisuwa ba sai ta san matsayin ƙafarta. Wai kada danginka su ce an ɓoye musu gurguwa. Ka lallashe ta, ka ji? Kana da kirki, in ji ta."

Mashin ya tafi. Na zauna har aka tafi masallaci aka dawo, ban san an yi ba.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Gwaggo.

Duk soson da na cire daga takalmin Surayya, tun na farko, ban yar ba. Takan ce, "Ka jefa a bola." In ce to. Sai in rubuta kwanan wata a bayansa da biro in kai gida. Suna cikin wani tsohon gwangwanin madara babba, ƙarƙashin gadona. Ƙafa takwas, hagu da dama. Kada ku tambaye ni dalili. Wani yana ajiye hoto, ni abin da nake da shi ke nan.

Na zazzage su a tabarma na jera. Na farko, hagu da dama kusan ɗaya suke. Na uku, dunduniyar hagu ta fara tsira, gaban ya fara cinyewa. Na shida, gaban hagu ya lotsa kamar an sa guga, dunduniyar kuwa kamar sabuwa. Na takwas, wajen babban yatsa ya huje.

A kan yatsu take tafiya da hagu. Dunduniyar ta daina kaiwa ƙasa. Shekara biyu abin yana hannuna, ni da nake cewa ƙafa na sani. Na kira shi yanga, har na yi mata kirari da shi.

Gwaggo ta leƙo. "Mi kaka yi da tarkacen bola?"

Na gaya mata. Ta shigo ta tura ƙofa. Sannan ta ce, ƙasa-ƙasa, "To ka yi shiru. Wuta ba ta magana, ni ma ba ni yi. Ka kai masu wanga in shina da amfani, ka ce tsintuwa ka yi. In ka hwaɗi kai ka ƙone, ka rasa ta."

Gaskiya ta faɗa. Na san gaskiya ta faɗa.

Talata tun da safe ina ƙofar dogon ɗakin da gwangwani a hannu. Wannan karon da sallama na shiga. Suna nan duka. Surayya tana zaune a benci cikin atamfar nan mai ruwan ganye, idonta a kumbure. Ta gan ni ta sunkuyar da kai.

Na gaida Baba Sallau, tsohon nan mai jar hula, na durƙusa. Na gaida Malam Yasir. Daga kusa ba shi da kyan da na ba shi. Mutum ne mai gajiya a ido, da alli a hannun riga.

Ban yi jawabi ba. Na jera soson a kan tebur bisa kwanan wata.

Ya cire tabarau ya mayar. Ya ɗauki na farko, ya ɗauki na ƙarshe. "Na mutum ɗaya ne?"

"Nata ne. Shekara biyu."

Ya kira ɗalibansa da hannu. "Ku matso. Malam Sadi, gaya musu abin da kake gani."

Ni, Malam. Na nuna musu da yatsa inda soso ke cinyewa in mutum yana jan ƙafa, da inda yake cinyewa in yana ɗingishi, da yadda na dama ya baje ta waje don shi ke ɗaukar nauyin biyu. Suna rubutawa. Sista Lydia ta kawo tef tana auna kauri.

Baba Sallau ya ɗaga na shida yana dubawa a haske. Ya yi dariya. "Yasiru, ga wani malamin ya hi ku. Ku da takardarku wata ukku, shi da bolarshi shekara biyu. Yaro, wa ya koya maka?"

"Zaman tasha, Baba."

Malam Yasir ya ce, "Ba zai maye takardun ba, don ba awo ɗaya ba ne. Amma ya fi su nisa baya. In muka haɗa da mako huɗun da na yau, likita zai ga inda abin ya dosa. Ina sa rai." Ya kama hannuna da hannu biyu. "Allah ya saka. Wani ya cuce mu, kai kuma Allah ya turo ka."

Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Na tuna maganar Gwaggo. Na dubi Surayya, ta ɗago tana kallona da wani irin haske da ban taɓa gani a fuskarta ba. Da na yi shiru, wannan hasken nawa ne har abada.

Na ce, "Malam, ni ne na ɗauke takardun. Na ƙone su. Na zaci ɗibar sawu kake yi, ka raba ni da ita."

Wata ɗaliba ta saki biro. Baba Sallau ya ce, "A'uzu billahi. To ni ke nan bokan?" Ba wanda ya yi dariya.

Malam Yasir ya saki hannuna a hankali. Ya juya ya ci gaba da auna soso, kuma na gane ya bar ni da wadda ta fi shi haƙƙi.

Surayya ta miƙe. Ta zo gaban teburin, ta bi soson nan da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta juya na farko ta karanta kwanan watan. Ranar da maɗaurinta ya tsinke ce.

Ta ce, "Sadi."

"Na'am."

"Malam, kahin shi ɗauki sawuna, sai da ya tai Damri ya gaida babana. Ya karanta min takarda, nis sa hannu. Ya ce duk randa nig gaji in ce a bari." Ta ajiye soson. "Kai da ka tara wanga shekara biyu ƙarƙashin gado, wa ka tambaya?"



Aka ce motar likita ta iso. Sista Lydia ta tattara soson a gwangwanina ta riƙe, ta kama hannun Surayya suka fita. Na tsaya a taga ina kallonta daga baya. Tana karkata hagu kamar kullum. Sai a ranar na ga yadda take damƙe bakin mayafi duk sanda ƙafar ta taɓa ƙasa.

Ban jira ba. Ba ni da fuskar jira.

Motarmu ta kusa Bakura, bayan la'asar, wayata ta yi motsi. Na daɗe ban duba ba.

"Likita ya ɗauke ni. Ni ce ta tara."

Na rubuta alhamdu lillahi, na goge. Na rubuta ki yafe min, na goge. Kafin in sami abin cewa wani saƙon ya shigo.

"Takalmin da Sista ta ce, ka yi shi, don ba wanda zai iya sai kai. Maganar manya kada Gwaggo ta turo kowa. Ban ce a'a ba. Ban ce i ba. In na zo karɓa, tsohon soson a hannuna za ka ba ni."

Na sauka tasha na buɗe rumfa, ko gida ban je ba. Na yanka soso uku na liƙa su, na goge gefen har tudun ya ɓace wa ido. Kaurin yatsa ɗaya da rabi. Ban buƙaci awo ba.

Yau kwana tara takalmin yana rataye a ƙusa, cikin leda, don kada ya yi datti. Duk motar Damri da ta tsaya, ƙafafu nake dubawa.